Sadaki da Kuɗin Fansa

Ina neman a ba ni ɗan fili a wannan fitowa domin in tattauna wani misali guda ɗaya da na tashi ina jin sa tun ina yaro. Ni Bahaushe ne kuma Kirista, cikin waɗanda ake kira Hausawa Masihiyawa. An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Tsafe, ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Bungudu, iyalina kuwa suna zaune a Gusau. Misalin da nake nufi shi ne yadda Kirista yake kwatanta zamansa da Ubangijinsa da zaman aure, wato ya ɗauki Allah a matsayin ango mai alkawari, jama'ar masu bi kuma a matsayin amarya.

Na san yawancin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, na kuma san wannan magana za ta yi wa kunnuwansu nauyi. Saboda haka bari in fara share hanya. Kirista bai ce Allah yana da mata ba, bai kuma ce yana aure irin na 'yan Adam ba. Mu da muke koyar da adabi mun san abin da ake kira siffantawa. Idan maroƙi ya ce wa sarki zaki, ba wanda zai zagaya bayan sarki yana neman wutsiya, kowa ya san kwarjini da ƙarfin zuciya ake nufi. To, haka nan abin da aka ɗauko daga aure aka jingina wa Allah shi ne alkawari da riƙon amana da kishi da jinƙai. 'Yan uwana malamai Musulmi da muke zama ofis ɗaya da su sun sha gaya mini cewa a cikin Suratur Rum an lissafa natsuwa da ƙauna da rahamar da ke tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Ashe ke nan mun haɗu a kan cewa aure yana nuni zuwa ga abin da ya fi shi girma, inda muka rabu shi ne iyakar inda za a kai misalin. Ba gardamar addini ta kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne halin da ƙasarmu ta shiga ya sa wannan tsohon misali ya fara yi mini wata magana da ban saba jin ta ba, ina kuma ganin tana da amfani ga duk mai riƙe da alƙalami.

Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, zai tarar wannan misali ya ratsa shi daga tsakiya har ƙarshe. Annabi Ishaya ya yi amfani da shi, haka Irmiya da Ezekiyel. Akwai littafi sukutum, Waƙar Waƙoƙi, wanda zance ne tsakanin saurayi da budurwa, amma malaman Yahudawa da na Kirista tun zamanin da suka karanta shi a matsayin ƙaunar Allah da jama'arsa. Wani malami a ƙasar Faransa mai suna Bernard, wanda ya rasu a 1153, ya yi wa'azi 86 a kan wannan ɗan littafi, ajali ya cim masa bai ko kai rabinsa ba. A cikin Linjila, Yahaya Maibaftisma ya kira kansa abokin ango, mu'ujizar farko da Yesu Almasihu ya yi kuma a gidan biki ne a garin Kana. Littafin ƙarshe, Wahayin Yahaya, ya rufe tarihin duniya da bikin aure. Har a nan Gusau akwai waɗanda suka ɗauki misalin suka kai shi matuƙa, wato sistocin Katolika na ɗariƙar Dominikan, waɗanda na farkonsu suka zo daga Amurka a 1956. Sun bar auren duniya, sun miƙa rayuwarsu ga ibada da jinya da koyarwa, ƙungiyarsu ta nan kuma tana ɗauke da sunan Katarina ta Siyena, wata baiwar Allah ta ƙasar Italiya da ta rasu a 1380, wadda ta ɗauki kanta amaryar Almasihu.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan misali, domin matakan aurenmu kansu sun isa sharhi. Akwai gaisuwar iyaye, akwai baiko, akwai sa rana, a biya sadaki, a kai lefe, sannan a zo ɗaurin aure da kai amarya. Tsakanin sa rana da ranar kanta akwai wani lokaci mai wuyar sha'ani. Yarinya tana gidan ubanta, tana daka tana ɗebo ruwa kamar kullum, amma kowa a unguwa ya san an yi mata miji. Ba ta tsayawa zance da wani saurayi, ba ta karɓar toshin kowa. Uwarta kuwa tana ta tara kwanoni da tukwane, domin Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A fahimtar Kirista, duk rayuwar mai bi a duniya wannan tsakanin ce. An riga an biya, an riga an yi alkawari, ango ya tafi shirya ɗaki, saura ranar da zai aiko a ɗauki amarya. Bambancin kawai shi ne ita wannan rana ba a sanar da amarya ba. Shi ya sa aka ba da labarin 'yan mata goma a babi na 25 na Linjilar Matiyu, waɗanda suka fita taryen ango da fitilu. Ango ya yi jinkiri har barci ya kwashe su duka. Da ya iso da tsakar dare, biyar da suka yi guzurin mai suka shiga biki, biyar da ba su yi ba suka tafi neman mai, kafin su dawo an rufe ƙofa.

Wannan labari na san shi tun a makarantar Lahadi, amma a watan Satumba na 2021 na ga an yi shi a gabana. A watan ne aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Kullum da safe nakan bar Gusau zuwa Bungudu, in dawo da yamma. Tafiyar ba ta da nisa, amma a lokacin duk wanda ya hau hanya sai Allah. Idan mota ta yi wuya ko aka tsare mu a shingen jami'an tsaro har duhu ya yi, ba ni da hanyar da zan gaya wa uwargidana ina nake. Duk daren da na makara, sai in iske ta a tsakar gida zaune kan tabarma, tuwo a rufe, fitila a kunne, yara sun yi barci. Wata rana na ce mata, “Maman yara, ai da kin kwanta, tunda ba ki san lokacin da zan iso ba.” Sai ta ce, “Malam, ai rashin sanin ne ya hana ni kwanciya. Da na sani, da sai in yi barcina in tashi daidai lokacin.” Na daɗe ina jin wa'azi a kan bangaskiya, amma ban taɓa jin wanda ya fayyace ta kamar wannan amsa ba. Jira ne na wanda ba ya jin muryar wanda yake jira, abin da ya riƙe kawai shi ne kalmar da aka faɗa masa da safe cewa za a dawo.

Akwai wani gefe na misalin da mu maza ba mu cika son a tsaya a kansa ba. A cikin wannan siffantawa duk mai bi amarya ne, mace ko namiji. Na tuna wani dattijo a majami'ar ƙauyenmu, manomi ne mai furfura, da fasto ya faɗi haka a wajen nazari sai ya ɗaga hannu ya ce, “Fasto, a yi haƙuri, yanzu ni da gemun nan nawa ni ne amarya?” Aka fashe da dariya. Fasto ya ce, “Baba, kai ne kuwa, har da lalle.” Dariya ce, amma akwai magana a ciki. Namijin da ya saba a durƙusa masa a gida, idan ya zo gaban Ubangiji shi ne mai durƙuso, shi ne wanda aka biya dominsa, shi ne mai jiran a zo a ɗauke shi. Wanda ya san haka da gaske ba zai koma gida ya riƙa ɗaukar kansa ƙaramin ubangiji a kan matarsa ba.

Na faɗi haka ne domin na halarci ɗaurin aure da yawa a majami'u a Gusau da Tsafe, kuma kusan kullum sai an karanta babi na 5 na wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa. A nan ne aka umurci mata su yi biyayya ga mazansu kamar yadda ikilisiya take yi wa Almasihu. Da an zo wajen sai ka ga maza suna gyara zama suna kaɗa kai. Daga can kuma gwaggwanni su tasa amarya gaba da nasihar da kowa ya sani, yi na yi bari na bari, haƙuri maganin zaman duniya. Ni malamin makaranta ne, na saba ƙirga layi. Ayoyi 3 ne aka yi wa mata, daga ta 22 zuwa ta 24. Daga aya ta 25 har zuwa ta 33 kusan duka da maza ake magana, kuma abin da aka ɗora musu shi ne su ƙaunaci matansu irin ƙaunar da ta sa Almasihu ya ba da ransa. Kafin duk waɗannan ma, aya ta 21 ta ce a yi wa juna ladabi. Ashe a cikin misalin, kaya mafi nauyi a kan ango yake. Mijin da ya haddace ayoyi ukun nan ya tsallake tara, ya karɓi rawanin ango ya bar kayan ango a ƙasa.

Babu inda nauyin wannan kaya ya fito fili kamar a labarin Annabi Yusha'u, wanda ya rayu a ƙasar Isra'ila kimanin shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. An umurce shi ya auri wata mace mai suna Gomer, suka haifi 'ya'ya uku, daga baya ta bar shi ta bi wasu maza. A al'adarmu, da ta kowa ma, magana ta ƙare ke nan. Amma a babi na 3 sai aka umurci annabin ya tashi ya nemo matar, wadda yawancin masu sharhi suka ce Gomer ɗin ce. Ya same ta a hannun wasu, sai da ya biya kafin ya ɗauko ta: azurfa 15 da awon sha'ir. Ga alama kuɗin hannunsa ba su kai ba, ya cika da hatsi. Aka ce masa wannan shi ne kwatancin yadda Allah yake ƙaunar jama'ar da ta juya masa baya. Hausawa sukan ce amarya ba ta laifi, amma wannan amarya ta yi laifi kowa ya gani, duk da haka mijin ya biya sau biyu. Na farko sadaki, na biyu fansa.

Wannan kalma ta fansa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Muna yara, a majami'a kaɗai muke jin ta. Muna rera ta a waƙa, muna kiran Yesu Mai Fansa, amma ba mu taɓa ganin an fanshi kowa ba. Yau kuwa babu yaron firamare a Zamfara da bai san kuɗin fansa ba. Duniya ta ji labarin 'yan mata 279 da aka kwashe daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, ta ji na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauka a Sabon Gida a watan Satumba na 2023. Waɗanda duniya ba ta ji ba su ne mutum ɗaya ko biyu da ake ɗauka a gona, ko a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ko a ɗaki da tsakar dare. Su waɗannan ba gwamnati ba jarida, sai dangi su zauna a zaure su yi karo-karo. Kalmar da ta kasance ta littafi ta sauko ta shiga kasuwa, ana yi mata ciniki ta waya.

A ƙauyenmu akwai maza biyu da aka ɗauke wa mata a dare ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ko addininsu ba, domin wannan masifa ba ta tambayar mutum inda yake ibada. Dukansu sun biya. Na farko ya sayar da gonar gado da babur ɗinsa, da kuɗin ba su cika ba ya haɗa da buhunan gero da dawa, abin da ya tuna mini da sha'ir ɗin Yusha'u. Bayan fiye da wata biyu matan suka dawo, a rame, ƙafafu a kumbure, ba sa iya haɗa ido da kowa. Kowa ya san abin da kan sami mace a daji, kuma kowa ya yi shiru a fili yana magana a ɓoye. Mutum na biyu, bayan kwana kaɗan, ya ce matarsa ta je gidan iyayenta ta huta. Har yau tana can tana hutawa. Shi kuwa na farko, wani kawunsa ya kira shi gefe ya ce, “Ɗana, ka yi abin da ya wajaba, ka fito da ita, Allah Ya saka maka. Amma ka san bakin mutane. Ka bar ta gidansu tukuna mu ga abin da hali zai yi.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, na ji maganarka. Amma na biya sadakinta ina dariya, na biya fansarta ina kuka. Idan na mayar da ita gidansu, to wa na fanso?” A daren nan ya kai ta asibiti a Gusau, da aka sallame su ya dawo da ita ɗakinta.

A nan dole in yi hattara, kada misali ya zalunci wanda aka riga aka zalunta. Gomer da ƙafarta ta fita. Waɗannan mata da bakin bindiga aka fitar da su, ba su da laifin komai, ba kuma gafara suke nema wurin kowa ba. Hasali ma mu ne ya kamata mu nemi gafararsu, da muka kasa tsare su. Amma wannan bambanci shi ne yake ƙara wa hujjar ƙarfi. Idan Allah, kamar yadda Kirista ya gaskata, yana bin sawun wanda ya gudu da gangan, ya biya, ya dawo da shi ɗaki ba tare da gori ba, to ina hujjar mijin da zai rufe ƙofa ga wadda aka sace? Mutumin da yake tsayawa ran Lahadi yana waƙar an fanshe shi, alhali matarsa da aka fanso tana gidan ubanta tana ɓoye fuska, bai fahimci waƙar da yake rerawa ba. Biyan kuɗi rabin fansa ne. Sauran rabin shi ne a mayar da mutum matsayinsa, a kira shi da sunan da ake kiransa da shi a da, a ci tuwon da ya tuƙa.

Haka kuma ba na so a ɗauki wannan misali a mayar da shi sanda. Na ji inda ake ce wa matar da ake duka ta yi haƙuri domin aure hoton abin sama ne, ba a tsinka shi. Wannan juya misali ne a kife. Angon da ake kwatantawa da shi jikinsa ya bayar aka buga domin amarya, bai ɗaga hannu a kanta ba. Gidan da ake zubar da jinin mace a cikinsa ya daina zama hoton komai sai na zalunci, kuma aikin dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata shi ne su tsamo ta, su kira mijin su faɗa masa gaskiya. Kowane misali yana da iyaka. Miji mutum ne mai mantuwa da gajiya da fushi, shi ma yana buƙatar a yafe masa kamar yadda matarsa take buƙata. Shekara 18 ke nan da aurena, abin da na gani shi ne kayan alkawari ba a kan mutum ɗaya yake kwana ba. Yau kai ne mai nema, gobe kai ake nema.

To, ya 'yan uwana marubuta, ga inda maganar ta shafe mu. Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka cika kasuwanninmu, mun ƙware wajen kai saurayi da budurwa bakin ɗaurin aure. Mun iya rubuta wasiƙar soyayya, mun iya auren dole da mugun attajiri, mun iya kayan lefe akwati akwati. Da an shafa fatiha ko an sa zobe, sai mu ce alhamdu lillahi mu rufe littafi, kamar an gama. Alhali a nan ne alkawari yake fara aiki. Ina mai rubuta mana labarin matar da ta dawo daga daji, da irin kallon da facaloli suke yi mata a bakin rijiya? Ina mai rubuta mana mijin da ya tsaya tsakanin kawunsa da matarsa, ba gona ba babur, damina kuma ta kawo jiki? Ina mai rubuta mana yaron da aka haifa bayan dawowa, da wanda zai yanka masa ragon suna? Waɗannan labarai suna nan a Tsafe da Bungudu da unguwannin Gusau inda 'yan gudun hijira suka sauka, ba sai an ƙago su ba. Abin da suke buƙata shi ne marubuci mai kunya da tausayi, wanda zai sakaya suna ya faɗi gaskiya.

Ba na cewa kowa ya karɓi misalin da na kawo, domin kowa da tafarkinsa. Marubuci Musulmi yana da rumbunsa cike da zancen amana da rahama da kyautata wa iyali, ya ɗebo daga can. Ni daga nawa rumbun na ɗebo, kuma abin da na samu a ciki shi ne ƙauna ba a auna ta ranar biki, lokacin da amarya take cikin lalle da turare kowa yana son ya gan ta. Ana auna ta ranar da aka dawo da ita ba takalmi, mutane suna kau da kai, a ga wanda zai tashi ya shimfiɗa mata tabarma.

Allah Ya dawo mana da waɗanda suke hannu, Ya ba mazansu da matansu zuciyar karɓarsu, Ya kuma zaunar da jiharmu lafiya. Amin.